So, Kyau da Wadatar Zuci a Bakin Kabari: Nazarin Marsiyyoyin Nana Asma'u 'yar Shehu

Tsakure

Maƙalar ta dubi marsiyyoyin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta yi wa 'yan'uwanta da mijinta da aminiyarta da maƙwabtanta. An daɗe ana ɗauka cewa rubutacciyar waƙar ƙarni na 19 ba ta da abin faɗi game da mutuwa sai tsoratarwa, kuma wai sai a shekarun 1980 ne son da ke tsakanin mutum da mutum ya samu shiga rubutun Hausa. Maƙalar tana ganin ba haka abin yake ba. A al'ummar da kunya ta hana a furta so ga mai rai, mutuwa ce ke ba da izinin furta shi, marsiyya kuma ita ce wurin da aka ajiye shi. A nan ne kyau ya tashi daga fuska ya koma ga aiki, wadatar zuci kuma ta zauna tare da hawaye ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya koyar da rubutacciyar waƙa a jami'a ya san rabe-raben da muka gada: wa'azi, madahu, tauhidi, fiƙihu, taurari, tarihi. Littafin Mervyn Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa ya ƙarfafa wannan rabo, kundin digiri na uku na Abdulƙadir Ɗangambo na 1980 kuma ya feɗe waƙar wa'azi har ƙashi. Ba mai raina waɗannan ayyuka. Illar kawai ita ce marsiyya ta zama 'yar rakiya, a ambace ta a layi biyu a wuce. Ɗalibi sai ya fita daga aji da tunanin cewa malaman Sakkwato da Gwandu ba su kalli mutuwa ba sai ta fuskar azabar kabari, kuma zukatansu ba su taɓa karyewa don rashin wani ba.

Ayyukan Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997 sun isa su gyara wannan tunani. A cikinsu akwai marsiyyoyi fiye da goma, waɗanda ta yi cikin shekaru talatin da ɗoriya, tun daga ta baffanta Abdullahi na Gwandu har zuwa shekarunta na ƙarshe. Su ne ginshiƙin wannan nazari.

Kyau a idon mai wa'azi

Mai wa'azi bai taɓa musun ƙarfin kyau ba. Saboda ya san ƙarfin ne yake gudun sa. Shi ya sa siffar da ta fi yawo a wannan fanni ita ce ta duniya a matsayin macen da ta ci ado tana yaudarar masoyanta, ta rabu da wannan ta kama wancan. Ana jin amon wannan tunani tun daga Gangar Wa'azu har zuwa Imfirajin Aliyu Namangi (1894–1990), makahon mawaƙin Zariya wanda almajirai da makafi suka yaɗa baitocinsa ƙofa-ƙofa. Ko 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu, duk da zamanancinta, daga wannan rijiya ta sha. Tushen kuwa sananne ne ga duk wanda ya zauna a zaure: waƙar Zuhudu da ake karantawa tun ana ƙanana, da Ihya'u na Imamu Gazali (ya rasu 1111), wanda ya rufe littattafansa arba'in da na tunawa da mutuwa.

Abin lura a waƙar wa'azi shi ne mamacin ba shi da suna. Kai ne, ni ne, kowa ne. Za a bi ka daga gargara zuwa wanka, daga likkafani zuwa makara, a sa ka a rami a juya baya, dangi su koma rabon gado. Jikin da aka shafa wa mai ya zama abincin tsutsa. Ba a nufin ka ji tausayin gawar, ana nufin ka ji tsoro. Asma'u da kanta ta iya wannan salo sarai, domin ita ta rubuta Godaben Gaskiya da Tsorace-tsoracen Tsayin Alƙiyama, kuma ba ta sassauta a cikinsu ba. Don haka bambancin da zan nuna ba na mawaƙi mai taushi da mawaƙi mai zafi ba ne. Alƙalami ɗaya ne yake aiki biyu. Ya kamata a tuna kuma cewa Gazalin da ya rufe Ihya'u da mutuwa, littafinsa na talatin da shida a kan so ne da bege da ɗebe kewa da yarda da hukuncin Allah. Mu ne muka riƙe na arba'in muka manta da wancan.

Ƙofofin da aka rufe

A gidan Bahaushe na gargajiya mace ba ta kiran sunan mijinta. Maigida ne, ko Malam, ko kuwa «shi» kawai. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ko gwaggo ce ke ɗauke shi ta raina. A wajen Fulani, waɗanda Asma'u ta fito daga cikinsu, wannan kawaici ya fi tsanani. Ba rashin so ba ne, kowa ya san haka. Nuna shi ne abin kunya.

Ga kuma wata ƙofar. Yabon mai rai da sunansa sana'ar maroƙa ce da makaɗan fada, shugabannin jihadi kuwa sun soki kaɗe-kaɗen fada da yabon da ake yi don abin hannu. Malama 'yar malamai ba za ta zauna ta tsara wa ɗan'uwanta kirari yana kan mulki ba. Ashe ke nan hanya biyu suka rage wa mai alƙalami da zuciyarsa ta cika. Ta farko begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri suka riga suka share fage, inda kuma mawaƙi zai ce ya kasa barci, ya rame, hawaye sun ƙi tsayawa, ba mai ce masa ya yi rashin ta-ido. Ta biyu ita ce marsiyya.

A duba kuma yadda muke rabuwa da mamaci. Wanda ya rasu da safe, da wuya ya kai la'asar ba a kai shi ba. Mata ba sa bin gawa maƙabarta. Kabari ba a rubuta suna a kansa, damina biyu uku sai ya baje. A zaman makoki tambaya ɗaya ce ake maimaitawa, ya haƙuri, amsarta kuma a shirye take. Matar mamaci za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, amma takaba hukunci ce, ba fagen bayyana abin da ke rai ba. Aminiya ko maƙwabciya kuwa ko wannan ba ta da shi, kwana uku ne shari'a ta ba ta. A irin wannan tsari, waƙar da aka rubuta da sunan mamaci, aka sa mata ramzin shekara a ƙarshe, ita kaɗai ce abin da zai riƙe sunan bayan waɗanda suka san shi sun bi shi.

Asma'u ta san mutuwa tun kafin ta san alƙalami sosai. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A ƙarshen wannan shekara aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda Muhammadu Bello ya ruwaito cewa Jama'ar Shehu ta rasa mutum wajen 2,000, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Yunwa da cuta suka biyo baya. A 1817 ta rasa mahaifinta, ta kuma rasa Hassan, ɗan tagwaicinta. Ta yi tsawon rai har ta ga bayan kusan duk waɗanda suka yi hijirar tare.

Bello, Giɗaɗo, A'isha

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837. Yayanta ne ta wajen uba, malaminta ne, abokin rubutunta ne. A marsiyyar da ta yi masa da Fulatanci ta kwatanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi yana kuka, da kuma wanda aka yasar a daji. Mace mai shekara arba'in da huɗu ce ke wannan magana, matar Waziri, wadda malamai ke girmamawa. Da Bello na raye, ko a mafarki ba za ta faɗa masa haka ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ta zaɓa ta tuna. Shekara guda kafin rasuwarsa ya ci yaƙin Gawakuke, nasarar da ta karya ƙawancen Gobir da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Wannan yaƙi ta ware masa waƙarsa daban daga baya. A marsiyya kuwa, da waƙar da ta yi a kan halinsa shekara guda bayan haka, abin da ta sa a gaba iliminsa ne, da adalcinsa, da taimakon da yake mata ita kanta a al'amuranta. Sarki ya mutu wa jama'a, ita kuwa majingina ta rasa.

Marsiyyar mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta fi wuyar karantawa, kuma a nan dole mai nazari ya yi hattara. Wanda ya shiga cikinta yana neman kalaman miji da mata zai fito hannu rabbana. Mafi yawanta lissafin hidima ne: kula da masallacin Shehu da hubbarensa, gyaran ƙofofin gari, saukar baƙi, tsare haƙƙin talakawa, mutunta iyalin Shehu. Wani zai ce wannan ai rahoton aiki ne. Ni ina ganin kunyar ce ta bi ta har bakin kabari. Mutuwa ta ba ta damar ambaton sunansa a rubuce, ba ta ba ta damar kwance komai ba. Sai ta bi ta bayan gida, ta jera ayyukan da ba mai sanin nauyinsu kamar wadda ta zauna da shi sama da shekara arba'in, wadda a gidanta ake dafa abincin baƙin nan. Macen da ke faɗin yadda mijinta ke karɓar baƙo, labarin cikin gidanta take bayarwa.

A kan A'isha ne murfin ya buɗe gaba ɗaya. A'isha matar Bello ce, aminiyar Asma'u ce ta shekara da shekaru, ta rasu a 1855. A nan babu surukuta, babu kunyar aure, babu sarauta a tsakani. Ta yi mata marsiyya biyu. A ta Larabcin ta yi maganar kaɗaici da rashin barci da hawayen da ba su yankewa, sannan ta yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa: ta kare kukanta da hujja. Ta nuna cewa yin marsiyya ba zunubi ba ne tunda an yi wa Annabi ita bayan wafatinsa, kuma abin da aka hana shi ne kururuwa da ihu, ba hawayen tausayi da bege ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin ya tabbata cewa Annabi ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Amma me ya sa sai ta kawo ta? Mutum ba ya kare kansa inda ba a tuhume shi ba. Wannan ya nuna cewa a Sakkwaton zamaninta akwai masu ganin yawan alhini tawaya ce ga imani, kuma da saninta ta tsaya ta ba su amsa da harshen da suke girmamawa, wato Larabci da dalili.

Matan da tarihi bai san su ba

Da a kan manyan gidan Shehu kaɗai ta tsaya, da sai a ce hidimar daula take yi. Amma akwai Halima, maƙwabciyarta, wadda ta yi wa marsiyya a 1844, ba don wani muƙami ba sai don kirki da zumunci da iya zama da mutane. Akwai Zaharatu, a 1857, wadda ake kira in mace na naƙuda, ake kuma kira in za a yi wa mace wankan gawa, ba ta taɓa nawa ba. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajin 'Yan Taru, matan nan da ke jagorantar 'yan'uwansu daga ƙauyuka zuwa wajen Asma'u don ɗaukar karatu, su koma su koyar.

A nan batun kyau ya fito fili. Da wuya ka ci karo da siffar fuska ko gashi ko wushirya ko zubin jiki a waɗannan waƙoƙi, alhali waƙoƙin dandali da na aure cike suke da su. Ba ta zagi kyan jiki ba kamar yadda mai wa'azi ke yi, ta dai bar shi ne inda ƙasa ta karɓe shi, ta ɗauki abin da bai shiga rami ba. Kyan Zaharatu a hannunta yake, hannun da ke karɓar jariri ya kuma naɗe gawa. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, daga gaskiya da amana har zuwa hikima da adalci. Laccar ta yi amfani, sai dai in ka karanta ta namiji kake gani a zaure ko a fada. Fiye da shekara ɗari kafin ita, Asma'u ta riga ta zana macen kirki, kuma ba da jerin halaye ta zana ta ba, da aikin da take yi tsakar dare in an buga mata ƙofa.

Wadatar zuci

Kusan duk marsiyyoyin tafiya ɗaya suke yi. Za ta fara da kai kuka ga Allah, ta faɗi zafin rashin, ta ambaci halin mamaci, ta roƙa masa gafara da hasken kabari, ta miƙa wuya ga hukunci, ta yi fatan saduwa a Aljanna, ta rufe da salati. Mai karatu cikin gaggawa zai ce miƙa wuyan ya soke kukan. Ban ga haka ba. Jerin yana da ma'ana: sai da aka auna girman abin da aka rasa kafin a ce an yarda. Wanda bai rasa komai ba, yardarsa ba ta da nauyi. Fatan saduwa kuma ya nuna ba a umarci zuciya ta daina so ba, an dai ɗaga mata lokaci ne.

Wadatar zuci a wajenta tana da fuska ta biyu, ta siyasa. Tun a 1807 baffanta Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda ya ga son mulki da dukiya sun fara cin zukatan mabiya, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Asma'u ta rayu ta ga zuriya ta biyu da ta uku, waɗanda ba su san yunwar hanyar hijira ba, suka tashi cikin bayi da dawaki. Duk lokacin da ta yabi mamaci da gudun duniya da kyauta da rashin kwaɗayi, masu rai ne ke saurare. Ta kan mamaci ake faɗa wa mai mulki abin da ba a iya faɗa masa ido da ido.

Suka guda uku

Za a ce marsiyya tsohon salon Larabawa ne tun daga Khansa'u, don haka hawayen na aro ne. Gaskiya ne ta ari ƙira, musamman a ta A'isha. Amma salon bai tilasta wa kowa ya yi wa ungozoma waƙa ba. Zaɓen wanda za a yi wa kuka nata ne.

Za a ce kuma yawancinsu da Fulatanci ne, me ya kawo su fagen adabin Hausa? Amsar ita ce gidan da suka fito harshe uku yake aiki da su, ita kanta ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, ƙaninta Isa ya mayar da wasu nata, matan 'Yan Taru kuma da Hausa suka fi ɗaukar karatu. Raba wannan adabi bisa harshe aikin sassan jami'o'inmu ne, ba aikin marubutansa ba.

Suka ta uku ta fi ƙarfi, kuma na karɓe ta: so bai taɓa yin shiru a bakin Bahaushe ba, yana nan a gaɗa da waƙar niƙa da ta daɓe. Da'awata a kan rubutu ce kawai, inda malami ke sa sunansa a ƙasan abin da ya faɗa.

Bayan 1980

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Bayan 'yan shekaru kasuwar Kano ta cika da littattafan soyayya, muhawara ta ɓarke tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, har a 2007 aka kai ga ƙona wasu littattafai a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sabon abin da waɗannan marubuta suka kawo ba so ba ne. Sun kawo furta shi ne ga mai rai, da sunansa, tun yana iya amsawa, kuma ina zaton wannan ne ainihin abin da ya tayar da ƙura.

Da wannan sauyi sai mutuwa da haƙuri suka canja wurin zama. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya rijiya ta faɗa don gudun auren da ba ta so. Mutuwa ta tashi daga hukuncin da ake karɓa ta zama makamin da yarinya ke ɗaga wa iyayenta. Haƙuri kuma ya zama kalmar da manya ke rufe mata baki da ita. Ba na ganin laifin marubutan da suka yi wa irin wannan haƙuri bore, domin haƙurin da aka ɗora wa mutum don amfanin wani ba shi ne wanda Asma'u ta rubuta ba. Nata a gaban hukuncin Allah yake, inda babu wanda za a kai ƙara, su kuwa 'yan matan littattafan Kano hukuncin kaka da kawu ake ce musu su ɗauka a matsayin ƙaddara. Masu sukar littattafan da masu kare su sun shafe shekaru suna gardama a kan tasirin finafinan Indiya, ba su tsaya sun raba waɗannan haƙuri biyu ba.